Tambaya da Amsa: Ƙananan Gumakan Tagulla na Indiya

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu ɗaya, wato ƙananan gumakan ƙarfe da mabiya addinin Hindu ke ajiyewa a wurin bautarsu na cikin gida, waɗanda su suke kira murti. Yawancin mutanenmu a fim suka san su, amma suna faɗowa hannu a nan Bauchi fiye da yadda ake zato. Ana tsintar su cikin gwangwan, da cikin akwatunan da aka bari a tsofaffin gidajen ma'aikata tun zamanin da malamai 'yan Indiya ke koyarwa a makarantun sakandaren Arewa a shekarun 1970, ana kuma ganinsu a gidajen Indiyawan da ke aiki a ƙasar nan yanzu. Amsoshinmu sun tsaya ne a kan ƙarfe da sana'a da doka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan gwangwan ne. A cikin buhun tagulla da wani mai jari bola ya kawo mini na tsinci wani ɗan mutum-mutumi, jikin mutum, kan giwa, hannu huɗu. Tsawonsa kamar rabin taƙi, a sikeli giram 640. Wani ya ce da zinariya ake haɗa irinsu, kada in sayar a kilo. Wani kuma ya ce in sa a narka kawai. Wanne zan bi? Daga unguwar Railway, Bauchi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya tukuna. Abin da ke hannunka shi ake kira Ganesha, kuma yana cikin waɗanda aka fi zubawa, don haka samunsa ba abin mamaki ba ne. Duba da kyau, za ka ga haure ɗaya a karye. Haka ake yin sa da gangan. Kusa da ƙafarsa kuma sau da yawa akwai ɗan ɓera.

Maganar zinariya tana da tushe, sai dai an kambama ta. A kudancin Indiya akwai haɗin da ake kira panchaloha, ma'ana ƙarafa biyar, a arewaci kuma akwai ashtadhatu, ƙarafa takwas. Zinariya da azurfa suna cikin lissafin, amma a wurin zubi jan ƙarfe ne ke cin kaso mafi yawa, sai biras (haɗin jan ƙarfe da tutiya) da ɗan dalma. Zinariyar ɗan ƙyas ce ake jefawa don cika al'ada, yawanci wanda ya ba da aikin ne ke kawo ta, kuma kuɗin ciro ta ya fi ƙarfin abin da za a samu. Mafi yawan waɗanda ke yawo a kasuwa ma ba su da ita sam, biras ne zalla daga masana'antun Aligarh da Moradabad a jihar Uttar Pradesh.

Ga yadda za ka san ƙarfen da kanka. Fara da maganaɗisu. Idan ya kama da ƙarfi, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Idan ɗan ja ne kaɗan, wannan ba komai, tagullar gwangwan kan ɗauko burbushin ƙarfe. Sannan ka juya shi, ka sa magagari a ƙarƙashin gindin, inda ido ba ya gani, ka kankare wuri kamar ƙwayar shinkafa. Ruwan ɗorawa biras ne, wato jan ƙarfe da tutiya. Ja-ja ko launin ƙasa yana nuna jan ƙarfe ya yi rinjaye, mai yiwuwa da kuza a ciki. Fari kamar azurfa tutiya ce ko alminiyam da aka shafa wa ruwan tagulla. Idan kuwa gari ya fito yana warin roba, ba ƙarfe ba ne, roba ce aka cuɗa da garin tagulla.

Gwaji na uku ya fi su tabbas. Ɗora kwano da ruwa a kan sikelin giram, ka mayar da shi sifili. Ɗaure gunkin da zare, ka nutsar da shi duka cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kwanon ba. Lambar da sikeli ya nuna, raba nauyin gunkin da ita. Misali, in ya nuna 75, to 640 a raba da 75 ya ba da 8.5, biras ke nan, domin biras na tsakanin 8.4 da 8.7. Jan ƙarfe zalla na kusa da 8.9, tutiya wajen 7, alminiyam 2.7, zinariya kuwa 19.3. Gwajin na aiki ne kawai in gunkin ba holoƙo ba ne. Kuma in lambar ta haura 9 kada ka yi saurin murna, dalma ma tana ƙara nauyi. Mai raba gardama shi ne maƙerin zinariya da dutsen gwajinsa, ya goga a ƙarƙashi, ba a fuska ba.

Narkarwa ita ce ba ma so ka yi gaggawarta. Kuɗin giram 640 na biras ka san shi, ba ya ƙaruwa. Amma in aikin hannu ne, ko kuma tsoho ne, da ya shiga wuta shi ke nan. Ɗauki hotonsa gaba da baya da gefe da ƙarƙashi, ka karanta amsa ta ƙarshe a wannan fili kafin ka yanke shawara.

TAMBAYA: Ina koyar da zane a makarantar sakandare. Ɗalibai kan tambaye ni sunayen waɗannan siffofi, ni kuwa duk iri ɗaya nake ganinsu. Ta yaya ake bambance su? Daga wata malama, Yelwa.

AMSA: Malama, kada ki dubi fuska, fuskokin kusan ɗaya ne. Dubi abin da ke hannu da dabbar da ke kusa. Saurayi mai busa sarewa, ƙafa ɗaya harɗe da ɗaya, Krishna ne, haka ma jariri mai rarrafe da dunƙulen man shanu ko alewa a hannu. Mace a kan furen da ya yi kama da bado, tana riƙe da furanni, wani lokaci kuɗi na zuba daga tafinta, Lakshmi ce. Mai riƙe da abin kiɗa mai dogon wuya kamar babban molo, da littafi, da tsuntsu mai kama da dinya ko dawisu, Saraswati. Mace mai hannuwa takwas ko goma cike da makamai, a kan zaki ko damisa, tana sukar ɓauna, Durga. Mai fuskar biri da kulki, Hanuman. Namiji a tsaye da doguwar hula, hannu huɗu, da ƙaton katantanwar teku da faifai, Vishnu.

Wanda ya fi cancantar ki zana wa ɗalibai a allo shi ne Nataraja, wato Shiva, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu, yana rawa cikin da'irar wuta. Hannun dama na sama na riƙe da 'yar ganga mai siririn ƙugu kamar kalangu, na hagu na sama na riƙe da harshen wuta, ƙafar dama na taka wani wada, ta hagu a ɗage ta gitta jiki. Wannan siffa ta kai ƙarshen kyanta a zamanin daular Chola a ƙasar Tamil, tsakanin ƙarni na 9 da na 13. Yawan hannuwan kuma, a wurin masu abin, hanya ce ta nuna ayyuka da yawa a jiki ɗaya. Mutum a zaune harɗe, hannu biyu, gashi a nannaɗe, kunnuwa dogaye, ba makami, wannan galibi Buddha ne ko na mabiya Jain, addininsu daban.

TAMBAYA: Ni mai zubin tukunyar alminiyam ne, shekara goma sha biyu ina yi. Na riƙe ɗaya daga cikin gumakan nan, na ga yatsu sirara kamar tsinke, ba alamar layin haɗi ko ɗaya. Ba gunki nake son yi ba, ƙararrawar doki da kan sanda da ƙotar takobi nake son zubawa da wannan kyau. Na gwada da kakin zuma da yumɓu sau uku: na farko bai cika ba, na biyu ya fito da ramuka kamar saƙar zuma, na uku ya tsage ƙarfe ya tsiyaye. Ina kuskuren yake? Daga kasuwar Muda Lawal.

AMSA: Sannu da ƙoƙari, Malam. Hanyar da ka kama daidai ce, ita ce zubin kaki, wato a gina siffa da kaki, a rufe ta da yumɓu, a narkar da kakin a zuba ƙarfe a gurbinsa, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Da ita aka yi kayan Igbo-Ukwu tun wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, da kawunan Ife da aka tono a 1938, kuma maƙeran titin Igun a Benin suna yi har gobe. A Indiya an samu wata 'yar yarinyar tagulla mai tsawon santimita 10.5 a kufan Mohenjo-daro, da ke Pakistan ta yau, mai shekara wajen dubu huɗu, da wannan hanya aka yi ta. Garin da ya fi suna a yanzu shi ne Swamimalai kusa da Kumbakonam a jihar Tamil Nadu, kuma abin da ya zaunar da maƙera a can laka ce, lallausar lakar bakin kogin Kaveri. Ka riƙe wannan, domin rabin matsalarka a yumɓu take.

Mu fara da kaki. Kakin zuma kaɗai yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, kuma tun kafin nan ya yi laushi, zafin Maris da Afrilu ya isa ya lanƙwasa maka aiki. Maƙeran Swamimalai na haɗa shi da ƙaron itace kusan rabi da rabi, da ɗan man gyaɗa don kada ya riƙa karyewa. A nan ƙaron maje zai yi. Narka su a wuta marar ƙarfi, ka tace da ƙyalle. Ana gina sassa daban-daban, a liƙa su da bakin wuƙa mai zafi, kuma duk lokacin da aka huta sai a jefa aikin cikin kwanon ruwa don ya riƙe siffarsa. Kafin ka rufe shi da yumɓu, auna shi a sikeli tare da hanyoyinsa. Ƙarfen da za ka narka ya zama ninki goma na nauyin kakin: giram 60 na kaki, giram 600 na biras. Wanda ya narka ƙasa da haka zai tsaya a tsakiyar zubi, ƙari na biyu kuma ba ya haɗewa da na farko.

Hanyoyin nan su ne sandunan kaki da ake liƙawa, waɗanda in sun narke suke barin ramin da ƙarfe zai bi. Babbar hanya ta shiga ta wuri mafi kauri, kaurinta kada ya gaza na fensir ga ƙaramin aiki, a samanta kuma a yi baki kamar mazurari. Duk wani siririn wuri da ya fita gefe, irin kunnen ƙararrawa ko ƙahon ado, a haɗa shi da jiki da wata 'yar sanda, a kuma fitar masa da siririyar hanyar iska zuwa sama.

Yumɓu hawa uku ne. Na farko shi ne fuskar aikinka, duk abin da ya ɗauka shi ƙarfe zai nuna. Nemi laka mafi laushi, ta bakin rafi ko ƙasar suri, ka jiƙa, ka tace da ƙyalle, ka haɗa da garin gawayi mai laushi da ruwan kashin shanu da aka tace, ya yi kaurin koko. Shafa da buroshi mai taushi kana cusawa cikin kowane lungu, kauri milimita biyu zuwa uku, ka bar shi ya bushe a inuwa. Na biyu yumɓu ne da yashi mai laushi. Na uku yumɓu da ɓuntun shinkafa ko kashin jaki, a naɗe da siririyar waya kafin a yi shafen ƙarshe. Ɓuntun yana ƙonewa ya bar ƙananan ƙofofi da iska ke fita. Jimillar kauri ga aikin da bai wuce taƙi ba santimita biyu ya isa. Kowane hawa sai ya bushe sarai kafin a ɗora wani, gaba ɗaya kuma a ba shi mako guda a inuwa, da damina a ƙara.

Nan ne gwajinka na uku ya lalace. Yumɓun da aka shanya a rana, ko a iskar hunturu, bayansa na ƙanƙancewa cikinsa na da danshi, sai ya yi tsaga siririya da ido ba ya gani. Haka kuma in aka kai shi wuta mai ƙarfi farat ɗaya, kaki na kumbura kafin ya samu hanyar fita, ya fasa yumɓun daga ciki. Kifa shi baki ƙasa a kan garwashi kaɗan, ɗumi ya fara kama bakin, kakin ya tsiyaye cikin kwano, za ka sake amfani da shi. Daga nan ka ƙara wuta a hankali har yumɓun ya yi ja, hayaƙi ya daina fita daga bakin ɗungum.

Ramukan gwaji na biyu iska ce da ta maƙale. Tana fitowa daga saura kaki da bai ƙone ba, ko danshi a yumɓu, ko gwangwan mai maiƙo da fenti, ko ƙarfen da ya daɗe a wuta. Ga mai sana'arka kuma akwai dalili na musamman: kaskon narki. Alminiyam na narkewa a digiri 660, gwangwanin baƙin ƙarfe na ɗaukarsa. Biras sai ya haura 900, ana zuba shi wajen 1,000 zuwa 1,050, kuma a wannan zafi gwangwanin na ɓarewa yana zuba ɓawo cikin narkin, yana iya hujewa ma. Ga shi ɗan alminiyam da ya rage a jikin kasko na sa biras ya yi fata-fata da datti. Nemi kaskon girafait irin na maƙeran zinariya amma babba, ko na yumɓu mai jure wuta, ka keɓe shi ga tagulla kaɗai, har da ludayin kwashe datti. Rufe saman narkin da dakakken gawayi, ka yafa ɗan garin borakis, ka kwashe dattin dab da zubi.

Wanda bai cika ba kuwa sanyi ne ya kama shi. A tukunya ka saba zuba wa ƙasa mai sanyi. A nan dole yumɓun ya kasance da zafi sosai, a ciro shi da awartaki, a binne cikin busasshen yashi baki sama, a zuba nan take, zubi ɗaya ba yankewa, har mazurarin ya cika. Kada ka raina cikar mazurarin nan. Tagulla na ƙanƙancewa in tana daskarewa, wuri mai kauri na jan ƙarfe daga sama, in hanyar ta riga shi daskarewa sai ka tarar da rami a cikin cikin aikin.

Akwai wata dabara da ta dace da ƙananan kaya irin ƙararrawa. Maƙeran da ake kira dhokra a gabashi da tsakiyar Indiya kan zuba gutsattsarin tagulla cikin ɗan kaskon yumɓu, su liƙa shi a bakin aikin, su rufe duka ya zama abu ɗaya. Ana sa shi a wuta kasko a ƙasa, in ƙarfe ya narke sai a juya. Ba iska ta shiga, ba sanyi. Maƙeran Ashanti a Gana ma haka suke yi. Su dhokra ɗin kuma holoƙo suke zubawa: a gina ciki da yumɓu, a naɗe shi da zaren kaki, shi ya sa jikin kayansu ke da layi-layi. In za ka yi holoƙo, soka ƙananan ƙusoshi ta cikin kakin su riƙe yumɓun ciki da na waje, in ba haka ba da kaki ya fita cikin zai kwanta gefe, bango ɗaya ya yi kauri ɗaya ya huje.

Bar shi ya kwana kafin ka fasa. Kuma ka sani, kyan da ka gani a yatsun nan ba daga wuta ya fito haka ba. Kurfi da magagari da samfefa ne, aikin kwanaki, wani lokaci makonni.

Lafiyarka. Farin hayaƙin da ke tashi daga biras tutiya ce ke ƙonewa, tana tafasa tun digiri 907, shaƙarsa na kawo zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Yi narki a fili, iska na kaɗawa daga bayanka. Tsofaffin famfuna da kayan ruwa suna da dalma, kuma duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai yi gugar tagulla a tsakar gida inda yara ke rarrafe ba. Ɗigon ruwa ɗaya a cikin yumɓu ko a jikin ludayi na iya watso maka narkakken ƙarfe a fuska, don haka duk abin da zai taɓa narki a gasa shi tukuna.

TAMBAYA: Shin ya halatta Musulmi ya sayi irin wannan ko ya sayar? Daga wani ɗan kasuwa, Wunti.

AMSA: Alhaji, wannan tambaya ta malamai ce, kuma ta cancanci a kai musu ita da cikakken bayani: sayarwa don a narka, ko don ajiyar gidan tarihi, ko ga mai bauta, ba abu ɗaya ba ne wajen tambaya. Mu iyakarmu mu taimaka maka ka san mene ne a hannunka.

TAMBAYA: Ina aiki a gidan wasu Indiyawa. Uwar gidan ta yi tafiya, ta bar ƙananan gumaka a kan kanta a falo, wasu sun yi baƙi, ɗaya kuma yana fitar da wani koren gari. Ina so in wanke kafin ta dawo. Da me zan wanke? Daga wata 'yar'uwa, GRA.

AMSA: 'Yar'uwa, fara da kiran waya. A wurinsu akwai bambanci tsakanin na ado da wanda aka yi wa bikin keɓewa don bauta. Na biyun, gidaje da yawa ba sa so kowa ya taɓa sai 'yan gida, ana cire takalmi kafin a matsa kusa, kuma jan gari da ruwan ɗorawa da kika gani a goshinsu su suka shafa, ba datti ba ne. In kuma zuciyarki ba ta kwanta da taɓa su ba saboda addininki, ki faɗa mata cikin ladabi, hakan ya fi a yi shiru.

In ta ce ki wanke, kuma sababbi ne na biras, tsamiya ce maganinsu, su ma a can da ita suke yi. Jiƙa curi kamar girman ƙwai a kofin ruwan ɗumi, ki murza da yatsa ko tsohon buroshin haƙori, minti biyu zuwa uku, ki ɗauraye sau uku, ki goge, ki sa a rana ya bushe har cikin lunguna. Tsamin da ya kwana a lungu shi ke komawa kore. Kada ki sa gishiri ko da an ce yana ƙara haske, kada ki sa bilic, kada ki sa soson ƙarfe ko yashi ko toka mai tsakuwa, suna cinye hanci da ido. Wanda yake ƙyalli kamar an shafa masa man farce, yana da rufin fenti marar launi, ruwan sabulu da tsumma kawai yake so. Wanda kuma aka yi shi baƙi ko ruwan ƙasa tun asali, launinsa ke nan, tsamiya za ta ɓata shi, buroshi busasshe ya isa.

Mai koren garin nan kada ki sa masa ruwa. Kore iri biyu ne. Mai duhu, mai santsi, wanda farce ba ya kankarewa, kariya ce, a bar shi. Mai haske kamar garin alli, yana ɓulɓulowa daga ƙananan ramuka, in an share ya dawo, wannan ciwo ne. Sinadarin gishiri ne ya shiga jikin ƙarfen, danshin iska na tayar da shi, yana cin ƙarfen yana zurfafawa. Shi ya sa yake tsananta daga Yuni zuwa Satumba ya lafa da hunturu. Ware shi daga sauran, a cire garin da tsinken sakace, a goge da auduga da sifirit, a bar shi ya bushe, a sa cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani. Shimfiɗa farar takarda a ƙasa, in bayan mako biyu gari ya sake zuba, aikin ya koma na masu gyaran kayan tarihi.

Man goge tagulla na kanti yana yi, amma da yawansu na da amoniya, ita kuwa tana tsaga biras in ta zauna a jiki. Sojojin Ingila a Indiya ne suka fara lura da haka, da kwanson harsasan da suka ajiye a bargar dawakai da damina suka riƙa tsagewa saboda fitsarin doki. Don haka ko kayan tagullarmu na gida, kada a ajiye su kusa da turke.

TAMBAYA: Ina raka marasa lafiya Indiya. A kasuwa ana nuna mini gumaka ana cewa shekararsu ɗari biyu, wai Turawa na saye da tsada. Ta yaya zan gane tsoho na gaske, kuma zan iya shigowa da shi? Daga Fadaman Mada.

AMSA: Malam, amsar ta biyu ta fi ta farko muhimmanci. Dokar kayan tarihi ta Indiya ta 1972 ta ɗauki duk gunkin da ya kai shekara 100 a matsayin kayan tarihi, kuma ba mai fitar da shi daga ƙasar sai gwamnati ko wanda ta wakilta. Ke nan in mai shagon gaskiya yake faɗa, kai za a kama a filin jirgi. In ƙarya yake, ka biya kuɗin tsoho ka karɓi sabo. Kuma ba wasa suke yi ba, 'yan sandan Tamil Nadu na da sashe guda na binciken satar gumaka. An kama wani dillalin kayan tarihi, Subhash Kapoor, a Jamus a 2011, aka miƙa shi Indiya a 2012, kotu ta ɗaure shi shekara 10 a 2022. Wani Nataraja da aka sace daga wurin bauta a ƙauyen Sripuranthan, gidan adana kayan fasaha na ƙasar Ostireliya ya saye shi wajen dala miliyan 5 a 2008, a 2014 aka mayar da shi.

Gane tsufa kuwa, wannan ya shafi ɗan'uwanmu na Railway ma. Fara neman layin haɗi a gefen jiki, daga kunne zuwa kafaɗa zuwa ƙafa. In akwai shi, ko an goge ya bar alama, zubin ƙasa ne na masana'anta, irinsa dubbai ne. Zubin kaki ba shi da wannan layi, kuma ba biyu da suke daidai, tunda sai an fasa yumɓu ake ciro kowanne. Juya ƙarƙashi: zanen da'ira na injin guga, ramin noti mai zare, ko tambarin ƙasar da aka yi, duk na zamani ne.

Sannan dubi inda ya side. Gunkin da aka yi shekaru ana wanke shi da ruwa da madara ana shafawa da hannu, wuraren da suka fito ne ke sulɓi: hanci, goshi, ciki, gwiwa, wani har ido da baki su kusa shafewa, ga ragowar jan gari da baƙin maiƙon fitila sun daskare a lunguna. Sidewar hannu ba ta barin zane. Ta samfefa na barin layuka masu bin hanya ɗaya, in ka haska fitilar waya daga gefe za ka gan su, kuma takan taɓa wuraren da hannu ba ya kaiwa. Koren ƙarya iri ɗaya ne ko'ina, har ƙarƙashi, kuma auduga da sifirit a wani ɓoyayyen wuri kan ɗauko launinsa, ko ka ji warin man takalmi. Siffa kaɗai ba shaida ba ce, domin maƙeran Swamimalai har yau suna zuba irin na Chola da ma'aunin kakanninsu, suna auna tsawon jiki da tsagin ganyen kwakwa da aka kasa kashi-kashi. Nasu aiki ne na gaske, sabo ne kawai, kuma fitar da shi halak ne a doka.

Wanda zai sayi sabo, ya karɓi rasit mai bayanin kayan da nauyi da hoto. In ya yi kama da tsoho, ya nemi takardar shaidar cewa ba kayan tarihi ba ne, wadda hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya ke bayarwa, kafin ranar tafiya. Wanda kuma ya tsinci nasa a nan gida kuma alamun tsufa sun bayyana, kada ya wanke, kada ya shafa mai. Ya naɗe a tsumma busasshe, ya rubuta inda ya same shi da ranar, ya kai wa ma'aikatan Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Jos su duba.